Fulgencio da Jakarsa Mai Kilo Biyu

Ranar da dattijon da ake kira Tata Anacleto ya ce gwiwoyinsa sun gaji, kuma a hawan dutse na bana zai miƙa sandar jagora ga wani, kafin a tashi kasuwa labarin ya gama zaga garin Kollpani. Shekara talatin da ɗaya ke nan tsohon yana ƙetarar da baƙi masu yawon duwatsu ta mashigar dutsen Wayra. Sandar a hannun ubansa ya karɓa, uban kuma a hannun kakan. Ba shi da ɗa namiji, sai 'ya ɗaya tak, Basilia. Mutum biyu ake ambata a gari: Zenón mai jakuna, da mijin Basilia, Fulgencio Ticona mai aski. Zenón mutane ne ke ambatonsa. Fulgencio kuwa shi ke ambaton kansa.

Basilia ba mai magana ba ce. In aka gaishe ta a hanya, takalmanta take amsa wa. Amma ta tashi tana ganin sandar nan a bayan ƙofarsu, kuma in ta tuna za ta koma wani gida, sai abinci ya fita ranta. Don haka ta sa wa mijinta ido, domin ta san shi.

Fulgencio mutum ne da tumbinsa ke riga shi shiga ɗaki. In yana aski, ƙeyar mutum a kan tumbin take hutawa, har barci kan kwashe wasu. Rabonsa da hawa Wayra tun shekarar da yake neman aurenta, wannan ɗin ma a kan jakin Zenón, wata ta mace mai suna Negra, ya ƙarasa.

Ana cikin haka wani baƙo siriri kamar kara ya shigo shagon a rage masa gemu. Jakar bayansa ba ta fi ta 'yan makaranta ba. Fulgencio ya ɗaga ta da yatsa ɗaya, ya tambaya ina sauran kayan. Baƙon ya yi bayani rabi da baki rabi da hannu: babu sauran kaya, komai sai ya auna kafin ya sa, buroshin haƙori ma ya datse masa mariƙi. Ranar Fulgencio ya dawo gida da kumfa a hannun riga.

"Basi, ajiye tsintsiyar nan ki zo ki sha ilimi. Kin san abin da ya kashe wa babanki gwiwa?"

"Tsufa."

"Jahilci! Shekara talatin yana dakon tukunya da bargo. Duniya ta wuce nan. Yanzu nauyi shi ne abokin gaba, na jiki da na kaya. Nan da mako shida zan zubar da kilo ashirin, jakata kuma ba za ta wuce kilo biyu ba. Zan hau Wayra in sauko in sake hawa, Zenón bai gama ɗaure wa jakunansa kaya ba."

"To, Fulo."

"Ki rubuta ranar yau."

Ba ta rubuta ba, amma ta riƙe.

Ranar kasuwa ya nufi rumfar Doña Remigia, maƙwabciyarsu mai sayar da dankali da cuku, tsohuwa 'yar shekara saba'in mai harshe kamar reza. Sikelinta na rataye ne a jikin azara, mai ƙugiya, irin na auna buhu. Fulgencio ya shiga buhu har ƙugu, maza huɗu suka cicciɓe shi suka rataye. Yana lilo yana yi wa jama'a jawabi a kan sabon zamani.

"Kilo ɗari da huɗu," in ji Doña Remigia. "Da kai dankali ne da na huta bana."

"Kalli lambar nan da kyau, Doña. Ba za ki sake ganinta ba."

Gaskiya ya faɗa. Mako na zagayowa, bayan kwana bakwai yana shelar ruwan zafi da lemun tsami kawai yake sha, aka sake rataye shi. Ɗari da shida.

"Sikelin nan maƙaryaci ne!"

"Shekara ashirin yana auna dankali, dankali bai taɓa kawo ƙara ba."

"To buhun ne ya jiƙe."

"Fito mana, a rataye ka ta wuyan riga."

Basilia ta san inda kilo biyun suka fito. Kullum ta buɗe tukunya sai ta ga cuku ya ragu. Da ta yi ƙarfin hali ta faɗa, sai ya ce kyanwa ce.

"Ba mu da kyanwa, Fulo."

"Ta maƙwabta ce."

Doña Remigia ta jiyo ta kan katanga. "Kyanwata? Wadda ke buɗe tukunya ta mayar da murfi, har ta wanke cokali? Don Allah in ka gan ta turo min ita, ina da wanke-wanke."

Wannan ta yi masa zafi. Ya kulle ɗakin abinci, ya cilla wa tsohuwar makullin, ya ce Basilia kaɗai za a ba, shi kuwa ko kuka yake a hana shi. Kwana biyu tsakani ya yi kukan, aka hana shi.

Sai ya samo buhunan taki na leda guda uku, ya huda musu wuya da hannuwa, ya sa su a kan juna ya ɗaure da igiya, wai zufa ce ke narkar da kitse. Da safe ya fita zagaye dandali, kowane taku ƙaras-ƙaras. Karnukan Kollpani ba su taɓa ganin buhun taki yana gudu ba. A zagaye na farko biyu ne a bayansa, a na biyu tara, a na uku sai ga shi a kan katangar coci yana ihu a kira masa matarsa. Zenón ne ya zo wucewa da jakunansa.

"Compadre, abokina, ashe ka iya hawa! Atisayen Wayra ne wannan?"

"Nazarin hanya nake daga sama, compadre. Kora min karnukan nan."

"In kora yanzu, ko in bari ka gama nazarin?"

Yunwa ta fara sa masa rawar hannu. Malamin makaranta ya zo gyaran fuska, Fulgencio na ba shi karatun giram, ƙanshin suya ya shigo daga titi, reza ta zame, girar hagu ta tafi. Fulgencio ya ce a bari ya aske ta dama su daidaita, ai ma ya rage masa nauyi. Malamin ya fice da tawul a wuya. Daga ranar maza suka koma shiga mota zuwa garin gaba don aski, shagon ya zama majalisar ƙudaje. Basilia ta ga in sandar ba ta zo ba, to ba aski ba jagoranci.

Amma fa ya rame. A mako na biyar sikeli ya ce casa'in da biyar. Fatar wuyansa ta saki, wandonsa ya fara neman hanyar gwiwa. Ya aske gashin bakin da ya yi shekara goma yana tattali, ya yi wa kansa ƙwal-kwabo, ya yanke farce, ya tattara duka a takarda ya kai a auna.

"Allura ko motsi ba ta yi ba," in ji Doña Remigia.

"Ta motsa. Idonki ne ya tsufa."

Daga nan ya juya kan kaya. Ya aro ƙaramin sikelin cuku ya ɗora a kan tebur. Buroshi ya datse shi har sai da yatsa biyu ake kamawa. Bargo ya raba shi biyu. Malafa ya zagaye gefenta da almakashi ya bar ƙoƙon. Igiyoyin jaka ya fere su suka koma kamar zaren takalmi. Aljihunan wandunansa da rigunansa ya farke su kaf, wai aljihun da ba komai a ciki zalunci ne ga ƙafa. Bel ya auna shi, giram ɗari biyu, ya wurgar, ya ɗaure ƙugu da zaren ulu. Ya ɗauko cokali ya huda mariƙin da ƙusa, allura ta ɗan sauka, daɗi ya kama shi, ya ci gaba da hudawa har cikin cokalin.

"Fulo, miya fa?"

"Miya ta mutanen da ce."

Ana saura kwana uku a hau Wayra, Basilia ta tara maganar da za ta yi tun safe, sai da yamma ta fito.

"Apthapi fa?"

Duk wanda ya taɓa hawa Wayra ya san apthapi: da an kai sama ake shimfiɗa zannuwa a ƙasa, dogon layi, a kira gida-gida, kowa ya juye abincin da ya goyo, a ci tare ba a tambayar wannan na wane ne. Gidan da ya juye kaɗan, shekara guda ana labarinsa. Gidan jagora kuwa shi ke juye mafi yawa, tun zamanin kakan Tata Anacleto.

"Kin ɗauka na manta? A nan ne ma zan kashe bakin kowa."

Ya sa ta dafa rabin buhun dankali, da wake, da masara, da busasshen nama, da barkono mai yawa. Ya yanyanka ya shanya a kan kwanon rufin ɗaki kwana biyu, tsuntsaye suka ɗauki rabonsu, sauran ya kai injin niƙa. Abin da ya dawo da shi gari ne ruwan ƙasa, a leda ɗaya da ba ta fi kan jariri ba.

"Abincin mutum arba'in ke nan. Cokali ɗaya a ruwa, ciki ya cika."

"Ai muna da chuño, Fulo. Shi ma busasshen dankali ne, ba shi da nauyi."

"Chuño! Kowace tsohuwa tana da chuño. Wa zai ba mutum sanda saboda chuño?"

Sannan ya kafa doka: gidan Ticona ne zai nuna sabon tsari, don haka zanin goyonta ma sai ya auna, ruwa da mayafi kawai za ta ɗauka. Basilia ta ce to. Da ya fita yi wa masu jiran mota jawabi, ta tsince aljihunan da ya farke, guda tara, ta zauna ta ɗinke su a jikin siket ɗinta na ciki. Matan Kollpani siket huɗu suke sawa a kan juna, ba mai tambayar abin da ke ƙarƙashi.

Ranar hawa, da sassafe, jama'a suka taru a bakin gada. Fulgencio ya zo da sikelin cuku a hammata, ya ɗora jakar a gaban kowa. Kilo ɗaya da giram ɗari tara. Ya zaga da ita ana gani. Tata Anacleto na tauna ganyen koka, ya dube shi tun daga ƙoƙon malafa har zaren ulu.

"Surukina, ina sauranka?"

"Na bar shi a baya, Tata, tare da tsohon yayi. In na kai sama zan ɗan jira ku."

"Bargonka fa?"

"Ga rabi."

"Ɗaya rabin jikin fa?"

"Gudu zai ɗumama shi."

Tsohon ya dubi 'yarsa. Ita ta dubi ƙasa. Ya lura tana takawa a hankali, ƙafafu a ɗan ware.

Fulgencio ya fita a guje. Minti ashirin na farko ba wanda ya ga ko ƙeyarsa. A kwanar hanya ta farko aka same shi zaune a kan dutse, baki a buɗe, wai duba hanya yake. A ta biyu igiyar jaka ta tsinke, ya rungume jakar a ƙirji. Rana ta ɗago ta sami kunnuwa da wuya ba inuwa, ta gasa su suka yi jajir kamar tumatir. Da rana ta karkata hadari ya taso, iska ta fizge ƙoƙon malafa ta tafi da shi kwari, ƙanƙara ta sauko ƙwas-ƙwas a kan sabon aski. Ya jawo rabin bargo. In ya rufe kai baya na waje, in ya rufe baya kai na shan duka. A kwana ta biyar zaren ulu ya tsinke. Daga nan hannu ɗaya na jaka ne, ɗaya na wando.

Mata masu goyo suka wuce shi. Tsofaffi masu tari suka wuce shi. Zenón ya iso da jakuna shida.

"Compadre, akwai wuri a kan Negra. Ta gane ka, dubi yadda take kallonka."

"Jagora ba ya hawa jaki!"

"To kawo kayan in riƙe maka."

"Kilo biyu ne ko bai kai ba!"

"Ikon Allah. Na ga kamar hamsin kake fama da shi."

Doña Remigia ta zo da tukunyar miya a goye, tana tafe tana kaɗin ulu da mazari. "Matsa min in wuce, ɗan zamani."

Basilia kaɗai ta tsaya a bayansa. In ya zame ta tokare shi da kafaɗa, shi kuma ya ce ta daina jingina da shi tana ƙara masa nauyi.

Sa'ar da suka isa sama an riga an shimfiɗa zannuwa, an kira gidaje da yawa. Dankali ya yi tudu, ga chuño, ga wake, ga cuku, ga soyayyen kifi. Zenón buhu guda ya juye. Tata Anacleto na zaune a kan layi tare da dattawa, sanda a kan gwiwa.

"Gidan Ticona!"

Fulgencio ya ja ƙafa zuwa gaban dattawa. Numfashi ya ƙare masa, amma baki bai mutu ba.

"Jama'ar Kollpani... kun sha wahala... a banza. Abin da kuka yi dako... kamar jakuna... ga shi nan a tafin hannuna."

Ledar kuwa ƙulli uku ya yi mata. Hannu ɗaya ya kasa. Ya gwada da haƙori, ya kasa. Basilia ta ce a hankali, "Fulo, bari iska ta lafa," amma wa zai ji muryar Basilia a Wayra? Ya saki wando, ya kama ledar da hannu biyu, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, ya fizga.

Leda ta tsage. Garin ya tashi gaba ɗaya kamar hayaƙi, iska ta kwashe shi ta watsa a fuskokin dattawa. A daidai lokacin wando ya sauka har idon sawu. Ashe gajeren wandon ciki ma bai tsira daga almakashi ba.

Sai barkono ya fara aiki. Tata Anacleto ya yi atishawar da ta sa ganyen koka tsalle daga bakinsa. Dattijon kusa da shi ya karɓa, na gaba ya karɓa, har ƙarshen layi. Malamin makaranta hawaye shaɓe-shaɓe, ga gira ɗaya. Jakuna suka yi tasu atishawar, biyu suka tsinke igiya suka yi gangare. Mata suka rasa abin da za su rufe, hanci ko ido ko baki.

"Na ƙoshi, Fulgencio!" in ji Doña Remigia tana fyace hanci. "Ta hanci na ci, amma na ƙoshi!"

"Compadre," in ji Zenón yana nuna ƙasa, "wannan ma cikin rage nauyin ne?"

Fulgencio ya sunkuya zai ɗago wando, jiri ya kwashe shi, ya zauna daɓas a gefen zani. Zenón ya kwance igiyar jaki ya jefa masa ya ɗaure ƙugu.

Mai kiran gidaje ya share ido, ya dubi wurin da babu ko ƙwayar wake. "Gidan Ticona... akwai saura?"

Basilia ba ta taɓa tsayawa gaban mutum fiye da biyar ba. Ta fito, ta durƙusa, ta ɗaga bakin siket na sama, ta fara zarowa. Dafaffen dankali. Chuño. Curin cuku biyu. Nama. Ƙwai shida, ko ɗaya bai fashe ba. Aljihu bayan aljihu. Da matan suka gane aljihunan maza ne, sai shewa da tafi. Tulin bai kai na Zenón ba, amma ba wanda zai yi labarinsa shekara guda.

"Dabarata ce," in ji Fulgencio daga ƙasa. "Rarraba nauyi... ni na koya..."

Doña Remigia ta cusa masa kwanon miya a hannu. Ya zaro cokalinsa ya ɗiba, kafin ya kai baki ta tsiyaye a cinya. Ya sake, ta tsiyaye. A na uku ya ajiye cokalin ya kafa kai a kwanon.

Da aka gama ci, Tata Anacleto ya miƙe. Basilia ta damƙe bakin mayafinta. Tsohon ya taka a hankali, ya wuce Zenón, ya tsaya gaban Fulgencio, ya miƙa masa sandar.

Fulgencio ya zabura kamar ba shi ne ya zube ɗazu ba. "Kun gani! Kun gani ko? Tata ya san zamani! Jama'a, daga yau..."

"Dogara da ita ka sauka," in ji tsohon. "Ba na so 'yata ta goyo ka. In kun kai gada ka ba Zenón."

Dariyar da aka yi sai da ta dawo daga dutsen da ke tsallake. Tsohon bai yi ba. Ya juya wajen Basilia ya rage murya. "Ki yi haƙuri, 'yata. Baƙin da za a ƙetarar, 'ya'yan mutane ne."

"Na sani, Tata."

Aka naɗe zannuwa aka kama gangare. Kowa ya wuce, aka bar su biyu a baya, shi yana dogarawa, fatar hancinsa ta fara saɓulewa saboda rana, ita tana biye.

"Basi, faɗi tsakaninki da Allah. Wa ke riƙe da sandar jagora yanzu?"

"Kai ne, Fulo."

"Wa ya sauko da ita daga Wayra?"

"Kai ne."

"To in an tambaye ki, haka za ki ce."

"Zan ce. Kula da tsakuwa."

Daga kwana ta uku Basilia ta hango gada can ƙasa, da Zenón zaune a kanta yana jira. Fulgencio ma ya hango. Sai ya rage tafiya. Kowane dutse suka zo sai ya tsaya ya nuna mata shi da sandar, ya faɗi sunansa da tarihinsa, rabi ƙirƙira, rabi kuskure. Gangaren da ake yi a awa biyu sai da suka yi masa huɗu. Basilia ta san sunan kowane dutse a hanyar nan tun tana 'yar shekara bakwai, amma ba ta gyara masa ko ɗaya ba, ba ta kuma ce ya yi sauri ba. Idonta na kan sandar. Ita ma ba ta gaggawar isa gadar.